Sunan Mai Tuƙin Jirgi

Gumel, Lahadi, 31 ga Agusta

Anti Muhsina,

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kuma in na fara da gaisuwa zan kasa faɗa. Na tuƙa jirginki. Sau huɗu.

To, yanzu assalamu alaikum. Ya aiki, ya Kano, ya Mama? Mu nan lafiya lau. Umma ta warke daga zazzaɓin, Hajiya kakata kuma gwiwa ce ke damunta in hadari ya haɗo. Gero ya yi kyau bana.

Ban so in faɗa a waya ba. Waya ɗaya ce a gidan, ta Baba, kuma in ana magana da ita har awaki na ji. Shi ya sa na ba Inna Larai wannan takarda, tunda duk Litinin tana zuwa sarin atamfa kuma gidanku take sauka.

Ranar da kika kawo ɗan jirgin ɗaukar hoton nan kika koya wa Baba yadda zai riƙa ɗauko miki hotunan gonaki, ina bayanku riƙe da jaka. Yatsunki nake kallo. Yanzu Baba kan tafi da ni gona in riƙe masa batura, in La'asar ta yi ya tafi bukkar maƙwabcinmu ya yi salla, su ɗan taɓa hira. Ranar farko na ce zan ɗaga shi kaɗan, daidai kan gero. Anti, na ga gonarmu daga sama. Na ga motocin shanu a hanyar Maigatari sun zama ƙanana. Na ga kaina ma, ɗan ɗigo da hijabi ruwan toka. Na yi ta dariya ni kaɗai.

A na huɗun iska ta tura shi wajen garken wani makiyayi. Wani maraƙi ya zabura ya faɗa cikin ƙaya. Bai ji ciwo ba, na kuma dawo da jirgin lafiya. Amma da muka zo gida na ciro takardar inshorar da ke cikin akwatinsa na karanta a hankali, don Turancin yana da nauyi. Suna biyu na gani a wajen masu tuƙi, naki da na Baba. Da ya faɗa kan maraƙin nan a hannuna, me zai faru?

Ga dalilin da ya sa nake tambaya. Matan Garin Cindo, kusa da Gagarawa, suna da ƙungiyar noman riɗi. Suna son a ɗauki hoton gonakinsu a auna su kafin girbi, don a sa su cikin waɗanda za a ba sabon iri baɗi. Gonakin a bayan gidaje suke. Mai gari ya ce namiji ba zai tuƙa abin da ke leƙa tsakar gidan mutane ba. Baba ya ce shi ke nan, aikin ya wuce. Ina zaune ina tankaɗe, na ce a raina: ni ai ba namiji ba ce.

Don Allah kada ki gaya wa Baba.

Taki,
Amarya

Kano, Talata, 2 ga Satumba

Amarya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Mama tana gaishe da Umma da Hajiya. Ki ce wa Hajiya man shafawar gwiwa yana cikin ledar da na ba Inna Larai.

Ai na sani. Jirgin nan yana rubuta duk tashin da ya yi, ya turo min. Na ga tashi huɗu bayan La'asar, na ga an sauke shi a hankali kamar ana ajiye ƙwai. Baba Isa kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, saukarsa kamar ana jefo buhu daga mota. Na yi ta tunanin wace aljana ce a gonarku. Ashe ke ce, ke da in na zo gidanku sai in ga gefen fuskarki kawai a bayan labule.

Yanzu maganar gaskiya. Da ya faɗa kan maraƙin nan, kamfanin ba zai biya ko sisi ba, don ba sunanki a takardar. Kuma da mutum ne jirgin ya yanka, abin ya fi haka muni. Kin yi kuskure da kika tashe shi a ɓoye, kin yi daidai da kika karanta takardar. Manya da yawa ba sa karantawa sai abu ya faru.

Ga abin da za ki riƙa dubawa. Ranar ƙarewa: tamu tana nan har ƙarshen Maris. Sunan mai tuƙi. Sai inda aka yarda a tashi: cikin Nijeriya kawai, kuma ba bisa taron jama'a ba. Ki tuna wa Baba wannan, don na ji yana sha'awar hoton kasuwar Maigatari, inda iska ɗaya za ta kai shi Nijar kafin ya gyara hula. Game da ɓarna kuma, tamu ta ɗauki mutum da dabba, har raƙumi. Na tambaya musamman.

Na yi magana da kamfanin inshorar. Sun yarda a ƙara mai koyo 'yar shekara goma sha huɗu, muddin babban da sunansa ke ciki yana tsaye kusa da ita. Zan sa ki. Amma sharaɗi biyu. Kada ki taɓa shi sai sabuwar takarda ta zo. Kuma ke za ki gaya wa Baba da bakinki, ni ba ruwana.

Antinki,
Muhsina

Gumel, Lahadi, 7 ga Satumba

Anti Muhsina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Hajiya ta gode da man, ta ce yana da yaji kamar mai aiko da shi.

Na gaya wa Baba. Kwana biyu ina zagaye shi. Ranar Juma'a da safe yana wanke babur, na tsaya riƙe da bokiti na ce, "Baba, na iya tuƙa jirgin."

Ya ce, "Wane jirgi?"

Na ce, "Na Anti."

Ya ajiye tsumma. Na faɗi komai ina kallon tayar babur, har maganar maraƙin. Sai ya ce, "Wato lokacin da nake salla ke kina sama." Ya kira Umma ya ce, "Zo ki ji. 'Yarki da ba ta iya gaida baƙo ba, ashe direba ce."

Ya yi min faɗa kan ɓoyewar, na ba shi haƙuri. Daga nan ya ce in ɗauko akwatin mu je gona ya gani da idonsa. Na ce Anti ta ce sai takarda ta zo. Ya ce, "Au, yanzu kuma ke ce mai bin doka?" Umma ta yi dariya har ta zauna kan turmi.

Jiya ya hau babur ya je Garin Cindo. Mai gari ya kira shugabar matan, Inna Sabuwa, suka yi shawara. Sun yarda. Amma ni kaɗai zan kalli allon da ke nuna hoto idan jirgin yana bisa gidaje. Baba zai tsaya kusa da ni kamar yadda inshora ta ce, sai dai zai juya wa allon baya ya kalli sama. An sa ranar Asabar, 20 ga wata. Bayan nan za su fara yankan riɗi, don haka ba wata ranar.

Hajiya ta ce in na hau sama in duba mata ko an yi ruwa a Sule Tankarkar, garinsu. Na ce ba ni ke hawa ba. Ta ce to mene ne amfanin abin.

Anti, kin ce kada in taɓa shi. Gogewa ma tana cikin taɓawa? Ya yi ƙura a fukafukai, ina ta kallonsa ta murfi.

Taki,
Amarya

Kano, Talata, 16 ga Satumba

Amarya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, ina fatan ku ma haka.

Ki goge shi mana, ki yi cajin baturan duka. Tashi na hana, ba shafa ba.

Ki yafe min shirun makon jiya, takardar ce ta daɗe, ban so in rubuto ba tare da ita ba. Ga ta nan cikin ambulan. Masu tuƙi uku yanzu, ta ukun Amarya Isa Haladu. Na kalli sunan nan a rubuce na ji daɗi kamar ni na haife ki. Ki karanta ta daga sama har ƙasa yadda kika yi wa ta farko.

Gobe da asuba zan tafi aikin awon fili a tsaunukan Taraba, sai Litinin zan dawo. Babu sabis a can, kada ku wahala da nemana. Ranar Asabar ki fara da gonar da ta fi nisa da gidaje, hannunki ya saki tukuna.

Antinki,
Muhsina

Gumel, Alhamis, 18 ga Satumba

Anti Muhsina,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Na san ba kya nan. Zan ba direban motar Kano ya ajiye miki wannan a ofis, don in ban rubuta yau ba cikina zai fashe.

Anti, Amarya ba sunana ba ne.

Sunan Hajiya aka sa min. Marigayi kakana ne ya ce tunda an maimaita masa sunan matarsa, to ya yi amarya. Shi ke nan ya bi ni. A gidanmu ba mai faɗin sunan nan. Baba ba zai faɗi sunan mahaifiyarsa ba, Umma kuwa ko a mafarki. A makaranta kawai ake kirana da shi. Ke dangin Umma ce, ba ki taɓa jin an faɗa ba, ba laifinki ba ne.

Jiya da Inna Larai ta kawo takardar gidan ya cika da murna. Umma ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Na karanta, ranar daidai, wurin daidai. Da na zo kan sunan na ce, "Baba, ba haka yake a takardar haihuwata ba." Ya ce, "Ke ce dai. Wa zai zo Gumel ya ce ba ke ba ce Amarya?" Ina wanke-wanke ina tunani. In na ƙyale, ba wanda zai sani. Amma in jirgin ya faɗa kan wani a Garin Cindo, kamfanin ba Gumel zai tambaya ba, takarda zai tambaya.

Yau da safe Baba ya shirya zai tafi kasuwar Maigatari. Na ciro takardar haihuwar daga akwatin Umma, na ajiye ta kusa da ta inshorar a kan kujerar babur. Ya duba wannan, ya duba waccan. Ya cire hula. Ya kira ki, a kashe. Sai ya kira lambar da ke ƙasan takardar.

Kin san sabis a gidanmu ba ya kamawa sai gindin darbejiya, daidai ƙofar ɗakin Hajiya. Nan muka tsaya, Umma ma ta matso. Wata mata ce ta ɗauka, tana jin Hausa. Ta tabbatar da Baba ne, sannan ta ce, "Alhaji, mene ne cikakken sunan yarinyar?"

Baba ya ce, "Sunan mahaifiyata ne."

Ta ce, "Madalla. Mene ne sunan mahaifiyar taka?"

Baba ya yi tari. Ya ce zai turo hoton takardar. Ta ce zai turo, amma dole a faɗa da baki, don ana naɗar maganar. Ya dubi Umma. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ni? Ka rufa min asiri." Sai ya miƙo min wayar kamar garwashi.

Na faɗa. Matar ta ce ba ta ji ba. Na sake. Ta ce, "'Yata, kamar daga rijiya kike magana, ɗaga murya." Na rufe ido na ce, "Safinatu."

Daga cikin ɗaki muka ji, "Na'am."

Ba wanda ya motsa. Baba ya juya yana duba igiyar akuya kamar yau ya fara ganinta. Hajiya ta ɗaga labule da sandarta ta ce, "Wa ke kirana?"

Na ce, "Hajiya, inshora ce."

Ta ce, "Ina ta san ni?"

Matar waya ta ji komai, tana ta dariya. Umma ta gudu kicin, amma ana jin ta daga can. Hajiya ta zauna bakin ƙofa, aka yi mata bayani. Ta dube ni ta ce, "Rabon da in ji an kira ni haka tun rasuwar yayata, shekara goma sha ɗaya. Na ɗauka ita ce." Ta goge ido da gefen zane, ta ce wa Baba, "Kai kuma ka bar akuyar nan ta huta."

Matar ta ce gyaran zai iya fitowa gobe Juma'a, zai iya kaiwa Litinin. Na ce wa Baba in bai fito ba, ba zan tuƙa ranar Asabar ba. Na faɗa duk da na san matan nan sun sa rai. Ya ce, "To." Bai je kasuwar ba. Yana gindin darbejiya yanzu haka, wayar na kan gwiwarsa.

Ki yi mana addu'a, ko da yake kafin ki karanta komai ya wuce.

Taki,
Amarya

Kano, Talata, 23 ga Satumba

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na dawo jiya lafiya, sai ƙafafu da suka kumbura.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin ofis. Na yi dariya har mai gadi ya leƙo, daga baya kunya ta kama ni. Ni da ke koya miki duba takarda, ban tambayi sunanki ba. Shekara goma sha huɗu ina ce miki Amarya. Na tambayi Mama, ta ce ita ta sani mana, wa ya tambaye ta? Ki yafe min.

Na kira Baba Isa. Abin da ya ce kawai, "Alhamdulillahi, an yi." Na ce yaya aka yi? Ya ce, "Lafiya lau." Kin san shi. Inna Larai kuma ta zo ba ko layi ɗaya daga gare ki. Na ga tashi bakwai ranar Asabar a na'urata, amma na'ura ba ta ba da labari. Ki rubuto min komai, kada ki rage.

Antinki,
Muhsina

Gumel, Lahadi, 28 ga Satumba

Anti Muhsina,

Assalamu alaikum. Sannu da dawowa, Allah ya huce gajiya. Umma ta ce ki jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri. Mu duk lafiya. Ba abin yafewa, Anti.

Gyaran ya shigo wayar Baba ranar Juma'a dab da La'asar. Ya fita da gudu ba hula, ya je shagon bakin tasha aka buga mana shi a takarda. Na karanta sau uku a zaure. Daidai yake, harafi da harafi.

Ranar Asabar muka isa Garin Cindo da hantsi. Na ɗauka mata biyar zan tarar. Sun fi talatin, da goyo da komai. Inna Sabuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce direbar? Ta ci abinci kuwa?" Aka ba ni fura kafin a bar ni in buɗe akwati. Mai gari ya ce a nuna masa takarda, ɗansa ya karanta masa, ya gyaɗa kai.

Na fara da gona mai nisa kamar yadda kika ce. A tashi na biyu hannuna ya saki. Baba na gefena ya juya baya yana kallon sama, yana cewa, "Hagu akwai gawo. A hankali." Matan suna tsokanarsa, wai Malam Isa an sa shi gadin gajimare. In zan wuce bisa gidaje nakan ɗaga idon jirgin sama, sai na kai gona in sauke shi. Ko tsakar gida ɗaya ban ɗauka ba.

Da na gama suka kewaye ni. Kowace tana neman gonarta a allo. Wata tsohuwa ta ga tata ta ce, "Ashe haka take da kyau, ni ina ta raina ta." Wasu biyu suka gano iyakarsu ta karkace, suka fara musu, suka ƙare da tafawa. Gona ashirin da shida, duk an auna. Inna Sabuwa ta aiko ranar Alhamis cewa an karɓi sunayensu. Ta haɗo da kwanon riɗi da kaza mai rai, wai ta direba.

Ban yi magana da yawa ba, amma da suka tambaye ni yadda yake tashi na yi bayani, kuma sun ji ni.

Hajiya ta sa na nuna mata hotunan sau biyu. Yanzu takwara take ce min. Shekaranjiya ina shara ta ce, "Matar nan ta inshora ba ta sake kira ba?" Na ce a'a. Ta ce, "To," ta koma ɗaki.

Ranar Talata za mu je wani aikin a gonar wani mutumin Gagarawa. Kin ce a riƙa duba takarda kafin kowane aiki. Na yanke shawarar inda zan riƙa dubawa. Zan zauna gindin darbejiya, daidai ƙofar Hajiya, in karanta da ƙarfi: ranar ƙarewa, inda aka yarda a tashi, sannan sunayen masu tuƙi, ɗaya bayan ɗaya, har na ukun. Baba zai ɗauka tsantseni ne ya yi min yawa. Ban gaya wa kowa dalili ba, ke ma don kin ce kada in rage ne.

Taki,
Safinatu Isa Haladu